Ba Kowane Dutse Ne Hajar Kasuwa Ba

 Yau ba maganar farashin albasa ko ta tsadar kuɗin mota za mu yi ba, ko da yake mun san su ne ke ci mana tuwo a ƙwarya. Magana ce a kan dutse, kuma muna roƙon a yi haƙuri a bi mu sannu a hankali, domin wanda ya ji kan maganar kawai zai iya cewa mun rasa abin faɗa ne.

A cikin ranin da ya wuce, muna dawowa daga cin kasuwa a wani ƙauye na ƙasar Tajaye, sai muka iske wata babbar mota ta tsaya a gefen wani ɗan tudu, samari huɗu ko biyar suna ta loda mata duwatsu. Tudun nan mun san shi tun muna yara, lokacin da muke bin iyayenmu kasuwa a kan jakuna. Tarin baƙaƙen duwatsu ne da aka jera a kewaye, kowa ya gani ya san hannun mutum ne ya aza su. Tsofaffi kan ce kushewar mutanen da ce, ba a zama a kai, ba a ɗaukar ko tsakuwa ɗaya, makiyayi ma yakan kauce da bisashensa. Da muka tambayi samarin, sai suka ce wani mai gini ne ya ba su aikin, kuma duwatsun nan sun fi sauƙin ɗauka tunda an riga an tara musu wuri guda. Wata tsohuwa mai daddawa da muke tafe da ita a mota ta leƙo ta ce, "Ku 'yan nan, kun san wanda ke kwance a ƙarƙashin abin da kuke kwashewa?" Ɗayansu ya yi dariya ya ce, "Inna, arne ne, ba shi da mai nema." Ba ta ƙara cewa uffan ba har muka iso gari. Bayan mako biyu mun sake bi ta wurin, babu tudu babu alamarsa, sai rami da ɓaraguzan tukwane a warwatse.

Tun daga ranar abin yake damunmu, shi ya sa muka ga ya dace mu kawo shi wannan fili.

Kafin wani ya yi mana mummunar fahimta, mu 'yan kasuwa ne, ba mu ƙi cinikin dutse ba. Ai ƙasar Adar ƙasar dutse ce, da shi muka tashi, da shi muke ci. Tun cikin shekarun 1960 ake haƙar farar ƙasa a Malbaza ana yin siminti, kuma gidaje nawa ne a Nijar aka gina da buhun Malbaza? Masana ƙasa ma sun ce dutsen nan shimfiɗar wani tsohon teku ne da ya taɓa rufe yankin nan shekaru miliyoyi da suka wuce, shi ya sa yara kan tsinci duwatsu masu siffar katantanwa a kan tudu, inda ko tafki babu. Haka kuma babu wanda ya manta da aikin Keita da aka fara a 1984, inda mata suka yi ta ɗaukar duwatsu a ka ana jera su a gangaren tuddai don tare ruwa. A 1989 wasu manoman ƙasar Illela suka je Yatenga ta Burkina Faso suka gano yadda ake gyara tassa, suka dawo suka haɗa ta da jeren duwatsu, sai ga faƙon da ko ciyawa ba ta fita a kai ya koma gona, har aka shiga saye da sayar da shi. A Batodi ruwan rijiyoyi ya taso, mata suka samu lambun rani. Duk wannan albarkar dutse ce, kuma wanda ya fasa dutse a kan tsauni ya sayar, guminsa ya ci, Allah Ya sa albarka.

To amma kowane ɗan kasuwa ya san akwai abin da ake kasawa a faifai, akwai abin da ba a kasawa. Mace takan sayar da kazarta da akuyarta in ta matsu, amma ba mu taɓa ganin wadda ta ciro dutsen kabarin mahaifinta ta kai kasuwa ba, ko da yunwa ta kai inda ta kai. Abin da muke cewa shi ne, a cikin duwatsun ƙasar nan akwai waɗanda matsayinsu ke nan, kuma muna kwashe su ba tare da mun tsaya mun tambaya ba.

Mu duba abin da ke kewaye da mu. Ga Masalata nan dab da Birnin Ƙonni, inda har yau dattawan arna ke taruwa kowace shekara bayan an kawar da amfanin gona, su yi arwa, su faɗi abin da suka hango game da damina mai zuwa da cututtuka da zaman lafiyar ƙasa, sa'an nan a yi buɗin daji. Mutane na zuwa kallo daga nesa, har daga ƙetaren iyaka. Can yamma kuma, a Lugu ta ƙasar Dogondutsi, ga Tunguma, dutsen da ake kai wa ƙara in an yi sata ko an yi jayayyar da ta gagari mutane, wanda mutanen wurin ke cewa da shi kakanninsu suka taso daga Daura, shi ya nuna musu inda za su zauna. A wannan Lugu ce Sarauniya Mangu ta tari rundunar Voulet da Chanoine cikin watan Afrilu na 1899, rundunar da ta wuce ta auka wa Birnin Ƙonni cikin watan Mayu na shekarar, ta karkashe jama'a ta ƙone gari. Waɗannan su ne sanannu, waɗanda ake rubutawa a littafi. Amma kowane ƙauye tsakanin Ƙonni da Malbaza da Illela da Badagishiri yana da nasa: wani kufai da ake cewa nan ne garin farko, wata tsohuwar rijiya da aka gina bakinta da dutse, wata tsamiya ko kuka da ba a sara, wani tsauni da ake cewa akwai Doguwa a kai, wani fili da ake cewa nan aka yi yaƙi. Ba su da allo, ba su da mai gadi, ba su cikin takardar kowa. Abin da ya tsare su shekara da shekaru shi ne labarin da ake bayarwa a kansu.

A nan ne muke son mu ɗan daɗe, domin a ganinmu nan ne mutane da yawa suka kasa fahimta. Idan aka ce da yaron yau, "Kada ka sari tsamiyar can, akwai iska a ciki," sai ya ce camfi ne, kuma ba mu ce ya yi ƙarya ba. Amma ya tsaya ya tambayi kansa, me camfin nan ya yi wa garinsu? Tsamiyar nan ta shekara ɗari tana ba da inuwa, a gindinta ake cin kasuwa, 'ya'yanta ake kunu da su, kuma ta kai yau ne saboda tsararraki biyar sun ji tsoron ɗora mata gatari. Tafkin da aka ce ba a wanka a gefensa na gabas, in ka bincika sai ka tarar nan ne gefen da ake ɗibar ruwan sha. Kurmin da aka ce ba a shiga da wuta, nan ne masu magani ke samun saiwa da sassaƙen da suka ƙare a sauran daji. Shi kansa buɗin daji, in ka cire yanka da kirarin da ke ciki, me ya rage? Doka ce da ta ce ba a fita farautar gayya sai lokaci ya yi, sai an gama girbi, sai namun daji sun yi renon 'ya'yansu. Yau ma'aikatan gandun daji na da irin wannan doka a rubuce, da tara da kaki da bindiga, amma kowa ya san wadda aka fi bi tsakanin ta da da ta yanzu. Ana ba da labari cewa sarakunan Damagaram na da sun sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Inda babu sarki mai irin wannan ƙarfi, sai tatsuniya ta yi aikin dogari.

Kakanninmu ba su da takarda, sai suka rubuta dokarsu da tarihinsu a jikin ƙasa. Suka ɗaura wa dutse labari don kada a manta inda aka fito, suka ɗaura wa itace tsoro don kada a sare shi. Yanzu tsoron ya tafi, kuma ba mu yi kukan tafiyarsa ba. Abin takaicin shi ne ba mu sa komai a gurbinsa ba. Mun cire danga, ba mu yi katanga ba, ga shi awaki sun shiga gona.

Mun san abin da wasu malamanmu da matasanmu masu kishin addini za su ce, domin mun sha jin sa a rumfa da majalisa: waɗannan wurare wuraren tsafi ne, kawar da su lada ne. Mu Musulmi ne, kuma muna faɗa da babbar murya cewa ba mu ce a yanka wa dutse baƙin bunsuru ba, ba mu ce a je a roƙi tsamiya haihuwa ko kasuwa ba. Dutse ba ya ba da komai, ba ya hana komai. Amma bauta wa abu daban, adana shi don shaida daban. A zamanin Sayyidina Umar ne Amru ɗan Asi ya buɗe Misira, sahabbai suka ga dalar Fir'auna da idonsu, ga ta nan tsaye har yau. A ƙasar Saudiyya, kufan Hijir da ake kira Mada'in Salih, inda aka sassaƙa kaburbura a jikin duwatsu, hukuma ce ke gadinsa, kuma shi ne wuri na farko a ƙasar da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin kayan tarihin duniya a 2008. Alƙur'ani mai girma a wurare da dama ya umurce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. To, in mun loda kufansu a mota mun kai an zuba a harsashin shago, me jikokinmu za su duba? A Kano, birnin malamai da waliyyai, Dutsen Dala na nan, kowane ɗan makaranta ya san labarin Barbushe da Tsumburbura, kuma ba mu ji an ce imanin Kanawa ya ragu saboda haka ba. A Daura rijiyar Kusugu na nan an kewaye ta da gini, baƙi na zuwa gani.

Sa'an nan maganar yaron nan da ya ce arne ne ba shi da mai nema. Wa ya gaya masa? Shi ya binne shi? Babu wanda ya san ko wane ne a ƙarƙashin tudun nan, zai yiwu bafatake ne, zai yiwu kakan kakan shi yaron ne. Ko da kuwa arnen ne, ɗan Adam ne, kuma malamai sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar wani Bayahude. Balle kuma arnan da ke raye a cikinmu, waɗanda muke sayen gero da kaji a hannunsu ranar Laraba a kasuwar Ƙonni, maƙwabtanmu ne, da yawansu ma danginmu ne na jini. Wanda yake son ya kira su zuwa ga Musulunci, ga baki ga kyakkyawan hali. Fasa musu wuri da dare ba ya musuluntar da kowa, sai dai ya bar gaba a gari.

Yanzu mu zo kan ɓangaren da ya shafe mu kai tsaye, wato ciniki. Ba masu gini kaɗai ke cin kufai ba. Duk wanda ya daɗe a kasuwa ya san masu zuwa a hankali suna tambaya ko akwai tsohuwar tsakiya, ko tsohon munduwa, ko kan mutum-mutumi na yumɓu, ko gatarin aradu. Shi gatarin aradun nan da muke gani a shimfiɗar masu magani, wanda ake cewa tsawa ce ke jefo shi, masana sun tabbatar gatari ne da mutanen da suka wasa da hannunsu tun kafin a san ƙarfe. Idan manomi ya tsince shi a gona, babu laifi. Laifin yana farawa ne ranar da aka gane akwai mai saye, sai samari su ɗauki diga da shebur su nufi kufai da dare. Kuma kayan nan ba su da ƙafa. Ta hannun dillali suke bi, su kwana a shagon wani, a cusa su cikin buhun albasa ko na wake, su ƙetare iyaka ta Illelar Najeriya ko su nufi Yamai da Lome da Kwatano. In babu ɗan kasuwa a tsakiya, mai haƙa ba zai haƙa ba.

Wanda yake son ya ga ƙarshen wannan hanya, ya tambayi abin da ya faru da Bura, can yammacin ƙasar nan wajen Tera. A 1975 aka gano wurin, a 1983 masanin nan Boubé Gado na jami'ar Yamai ya yi haƙa a bisa ƙa'ida, aka samu ɗaruruwan tulunan binne mutane da mutum-mutumin mahayin doki wanda ya sa sunan Nijar ya zagaya duniya. Da aka kai kayan baje koli a Faransa a farkon shekarun 1990, masu kuɗin Turai suka gani suka yi sha'awa, sai haƙar sata ta ɓarke. Cikin 'yan shekaru aka rarake makabartun yankin kamar gidan gara. A shekarar 2000 sai da ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jan jerin kayan Afirka da ta gargaɗi kowa kada ya saya, tare da na Nok da na Sakkwato da na Katsina. Mutanen ƙauyen da suka yi haƙar, me suka samu? Kuɗin cefanen 'yan kwanaki. Wanda ya saya a hannunsu ya ninka, na birni ya sake ninkawa, na Turai ya sayar da kuɗin da mai haƙar ba zai taɓa riƙewa ba har ya mutu. Mu da muka san lissafi, wannan ciniki ne? Albasa in ka sayar bana, baɗi ka dasa wata. Wannan kuwa cin uwar kuɗi ne, in ya tafi ya tafi ke nan, babu irin da za a shuka.

Akwai kuma wata asarar da ba a gani da ido. Su masu binciken tarihi, ba tulun ne kawai ke yi musu amfani ba, a'a, inda aka same shi, da zurfin ramin, da abin da ke kusa da shi, da gawayin da za a auna a san shekarunsa. In aka tumɓuke shi da dare, ya zama kamar takardar bashi da aka yage sunan mai bashin da ranar biya. Dubi Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina, inda aka tona kushewun sarakunan da a 1907, aka sake tonawa a farkon shekarun 1990. Da yake masana ne suka yi aikin, an samu kayan zinariya da na hauren giwa da wuri da kwanon tagulla irin na ƙasashen Larabawa, aka gane cewa ɗaruruwan shekaru kafin Bature ya san hanyar nan, fataken ƙasar Hausa na hulɗa da nesa. Wannan tarihinmu ne, mu 'yan kasuwa, shaidar cewa sana'armu ba jiya ta fara ba. Wa ya san abin da ke cikin tudun da aka kwashe a gabanmu?

Kada kuma wani ya ce in an kai Turai wata rana za a dawo da su. Gaskiya ne a 2021 Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin kayan fadar Abomey guda 26, a 2022 Jamus ta fara mayar wa Najeriya kayan tagullar Bini. Amma waɗannan an san fadar da aka kwashe su, an san shekarar, an san sojan da ya kwasa. Abin da ɗanka ya haƙo da dare ya sayar wa baƙo a bayan tasha ba shi da adireshi, babu wanda zai iya tsayawa gaban alƙali ya ce na Tajaye ne. Ga kuma doka: tun ranar 30 ga watan Yuni na 1997 Nijar ke da doka mai lamba 97-022 da ta hana haƙar kayan tarihi da fitar da su waje ba tare da izinin hukuma ba. Da yawanmu ba su taɓa jin ta ba, amma rashin ji ba zai hana jandarma ko ɗan duwan ya kama mota da kayan da ke cikinta ba, har da albasar bayin Allah da ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Ba mu manta da talauci ba. Mun ga yunwar 2005 da idonmu, manyanmu sun ga ta 1984 da ta 1973. Mun ga yadda rufe iyaka daga 2023 zuwa farkon 2024 ya durƙusar da kasuwar Ƙonni, kaya suka ruɓe a mota, jari ya narke. Mun san samarin Adar rabinsu na can cin rani, wanda ya rage a gida kuwa in aka ce ga jikka biyu ka loda mota, ba zai tsaya tambayar tarihi ba. Shi ya sa ba samarin muke zargi ba. Wanda ya aike su ya fi su sani, kuma tsaunin da babu kushewar kowa a kai yana nan ga shi ga shi, illa dai sai an sa guduma an yi gumi. Bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba.

Wasu za su ce a gyara wuraren nan don baƙi masu yawon buɗe ido su zo a samu kuɗi. Haka ne, a wasu ƙasashe ana samu. A Gambiya da Senegal akwai da'irorin duwatsu da mutanen da suka kafa a kan kaburbura, UNESCO ta karɓe su a 2006, Gambiya har ta buga hoton na Wassu a takardar kuɗinta ta dalasi 50. A Ingila mutane fiye da miliyan ke biyan kuɗi a shekara don su kalli tsayayyun duwatsun Stonehenge. A nan gida ma, raƙuman dawan Dabus da aka zana a jikin dutse arewa da Agadas, babban ya fi mita 5, sun taɓa ciyar da masu gadi da masu rakiya. Amma ba za mu yaudare ku ba, a halin tsaron da ake ciki babu Baturen da zai zo Tajaye kallon tudu, kuma ko da lafiya lau ake, tudunmu ba Stonehenge ba ne. Don kanmu za mu adana, ba don baƙo ba.

Dalili kuwa shi ne, mun ga ranar da labarin tsofaffi ya yi amfani. Littafin da Farfesa Djibo Hamani ya fitar a 1975 a kan tarihin Adar, wanda ya bayyana yadda zuriyar Agabba ɗan Sarkin Agadas ta kafa sarautar da ke Illela a yau, da yawansa daga bakin dattawan ƙauyuka aka ɗauko shi, su ne suka nuna kufai suka ce nan ne wuri kaza. Haka da aka zo yin fim a 2020 a kan ta'asar Voulet, jikokin waɗanda abin ya shafa ne suka riƙa nuna inda aka yi kisan, suna faɗin abin da kakanninsu suka gaya musu. Takardun Faransa sun faɗi nasu, amma namu bakin tsofaffi ne da wuraren da suke nunawa da sanda. In tsohon ya mutu, wurin kuma an kwashe, shi ke nan sai abin da wani ya rubuta a kanmu. Ko rikicin gona da na burtali, sau nawa aka kashe shi don wani dattijo ya ce iyakar tana daga dutsen can zuwa kukar can?

Abin da muke nema ba mai yawa ba ne, kuma yawancinsa a hannunmu yake. Sarakunan kasuwa da shugabannin 'yan tasha su faɗa wa mutanensu cewa ba a karɓar kayan kufai, ba a ɗaukar su a mota, kamar yadda ba a karɓar saniyar da ba a san mai ita ba. Mai sayen dutse don gini ya tambayi direba daga ina aka ɗebo, tambaya ɗaya ce. Masu gari da hakimai su zauna da dattawa, Hausawa da Buzaye da Fulani, kowa ya faɗi wuraren da ya sani, a rubuta, a kai wa masu riƙe da ma'aikatar magajin gari, don in za a ba da izinin ɗibar dutse ko yanka filaye a san inda za a kauce. Wanda garma ta tono masa tulu ko ƙasusuwa a gona ya mayar da ƙasa ya rufe, ya sanar da mai gari. A Yamai akwai cibiyar binciken IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni da gidan tarihi na Boubou Hama, aikinsu ke nan, kuma ya kamata su ma su riƙa fitowa daga birni suna leƙo mu. Limamai kuwa, in sun yi huɗuba a kan shirka, muna roƙon su ƙara da cewa tone kabari da cin kuɗinsa ba aikin lada ba ne.

Ku kuma iyayenmu mata, kusan duk labaran nan a bakinku suke. Ku ne kuka ji su wurin kakanni ana sussuka ko ana kaɗi, ku ne kuke ba jikoki da dare, in har talabijin da waya sun bar muku su. Yau kusan kowace rumfa akwai wayar da ke ɗaukar murya. Yadda ake aika saƙon farashin tumatir ta WhatsApp, haka za a iya ɗaukar muryar tsohuwa tana faɗin sunan kufai da wanda ya zauna a ciki da abin da ya tashe su. A ba gidajen rediyon gari su sa, a ba malaman lakwal su karanta wa yara.

Mu dai mun fara da kanmu. Mun nemi tsohuwar nan mai daddawa a kasuwa ta gaba, muka zauna a bakin faifanta muka ce, "Inna, gaya mana abin da kika sani game da tudun nan." Da fari ta ƙi, ta ce dariya za mu yi mata. Da ta ga da gaske muke, sai ta ce kakarta ta gaya mata wani madugu ne ciwo ya kama a hanya, ayarinsa suka binne shi, kowane bafatake ya aza dutse ɗaya, daga nan duk ayarin da ya bi ta wurin sai ya ƙara nasa ya yi masa addu'a. Ko haka ne ko ba haka ba ne, mun ɗauki muryarta, minti goma sha ɗaya. Ta ce akwai wani tudun irinsa gabas da tafki wanda motar ba ta kai gare shi ba tukuna, in mun dawo kasuwa mai zuwa za ta sa jikanta ya raka mu.